Wayar Haƙori Ba Ɗan Kunne Ba Ce

Ɗiyar yayata tana aji biyu a babbar sakandare a nan Tamale. Bayan Sallar Layya ta shigo gidanmu tana washe baki, sai ga waya shimfiɗe a haƙoranta, da 'yan robobi ja da shuɗi kamar an jera tsakiya. Na ce, "Ke, wane likita ya sa miki wannan?" Ta ce, "Kawu, ba likita ba ne, wata anti ce a shagon kitso. Ai 'yan ajinmu da yawa sun sa." Kuɗin da ta biya bai kai na turmin atamfa ɗaya ba. Haƙoran yarinyar nan kuwa tun tana ƙarama a jere suke reras, babu abin gyara a cikinsu.

Na yi dariya na ƙyale ta, kuma wannan dariyar ce har yau take damuna. Mako bakwai bayan haka dasashinta ya kumbura, in ta goge baki sai jini, ga wari, ga haƙorin gaba ɗaya ya fara girgiza. Likitan haƙorin da muka kai ta wurinsa ya daɗe yana fama kafin ya ɓamɓare ƙarafan, domin da gam irin na liƙa takalmi aka manna su. Wurare biyu gam ɗin ya tafi da farin saman haƙorin, kuma wannan farin ba ya sake tsirowa. Game da mai girgizar, ya ce sai an jira watanni a ga ko zai rayu.

Tun daga ranar nake neman inda zan sauke fushina. Mai shagon kitso tana da nata kason. Amma ba ita kaɗai ba ce, kuma zan zo kan sauran, har da mu 'yan rediyo.

Bari in fara da abin da wayar take yi, domin yawancin masu sa ta ba su sani ba, masu zaginta ma haka. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashin muƙamuƙi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wasu siraran zaruruwa masu riƙe shi. Idan aka matsa wa haƙori a hankali, dare da rana, ƙashin da ke gefen da ake tura shi yana narkewa kaɗan-kaɗan, sabon ƙashi kuma yana ginuwa a gefen da ya baro. Haka haƙori yake tafiya, kusan milimita ɗaya a wata. Shi ya sa aikin yake cin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye, kuma duk bayan mako huɗu zuwa takwas sai an koma likita ya duba ya daidaita. Kafin ma a fara sai an ɗauki hoton ƙashin muƙamuƙi, a ga saiwoyin, a tabbata babu ruɓa ko ciwon dasashi. Ilimi ne mai zaman kansa. Tun 1899 wani likita Ba'amurke, Edward Angle, ya rarraba yadda haƙoran sama da na ƙasa suke saɓa wa juna gida uku, kuma har gobe da rabe-rabensa ake aiki. Wanda zai yi wannan aiki sai ya gama karatun likitan haƙori, sannan ya ƙara wasu shekaru a kan jera haƙora kaɗai.

To, waya ba ta san an sa ta don ado ba. Tunda an ɗaura ta, ja za ta yi. Idan jan ya yi yawa, ko ya nufi inda bai kamata ba, saiwa tana gajarcewa, jinin da ke ciyar da haƙori yana iya yankewa, haƙori ya mutu yana tsaye. Ƙara da cewa babu wanda ya san irin ƙarfen da aka yi ta da shi, ko kayan aikin da aka sa a bakin wannan an tafasa su kafin a sa a bakin waccan. A Tailan, inda wannan yayi ya yi tashe tun kafin ya iso mu, sai da hukuma ta haramta sayar da wayar bogi. Mu a nan ana tallarta a WhatsApp da TikTok tare da gashin kanti da farcen roba.

Ga abin da ya fi ba ni haushi. A garin nan da yarinya mai lafiyayyen baki take sa waya don gayu, akwai yaran da suke buƙatarta da gaske kuma an hana su. Ina gabatar da shirin lafiya da Hausa, kuma ranar da na kawo wannan batu layukan waya ba su huta ba. Wata uwa daga Sabonjida ta ce ɗanta haƙoransa na sama sun turo gaba har leɓe ba ya rufuwa, yara suna tsokanarsa, ya daina ɗaga hannu a aji. Likita ya ce a sa masa waya, uban ya ce ba a gidansa ba, wai canza halittar Allah ne.

Ni ba malami ba ne, amma na zauna gaban malamai na tambaya. Hadisin da ake kafa hujja da shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, yana magana ne a kan mata masu feƙe haƙora su buɗe tsakaninsu domin kyau. Imam Nawawi a sharhinsa na Muslim ya bayyana cewa in don magani ne ko don wani aibi a haƙorin, babu laifi. Ga kuma labarin Arfajatu ɗan As'ad, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo shi. Yaron da ba ya iya rufe baki, wanda ko faɗuwa ya yi a filin ƙwallo haƙoran nan ne za su fara karyewa, magani yake nema. In akwai wayar da ta dace a yi wa'azi a kanta, ai ta shagon kitso ce, wadda babu komai cikinta sai ado da cuta. Har yau ban ji an ambace ta a mumbari ba.

Kada a ce ina kiran kowa ya je a jera masa haƙora irin na 'yan fim ɗin Amurka. Can suna biyan kuɗi a rufe musu wushirya, mu kuwa waƙa ake yi wa mai ita. Mai wushirya ta riƙe abarta. Hajiya ma ta riƙe haƙorin Makkanta. Maganata a kan haƙoran da suka hau juna ne har asuwaki ba ya shiga tsakaninsu, da waɗanda ba sa haɗuwa a tauna abinci.

Sauran tsoron da masu kira suka kawo ba na raina shi, domin yawancinsa yana da tushe. Akwai ciwo, musamman kwana uku zuwa biyar bayan an sa ko an ɗaure, lokacin da koko da tuwon zafi mai laushi za su zama abokai. Ƙarfen yana goge cikin kumatu da farko, likita yakan ba da wani kaki a manna a kai. Wani lokaci, in wuri ya yi kaɗan, sai an cire haƙori biyu ko huɗu, kuma wannan shawara ce da ake yankewa bayan an ga hoto. Rake, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, goro, duk sai an yi musu sallama na wani lokaci. Wanda ya saba tauna ƙashin zabo a bakin titi da daddare, to shi ne zai fi shan wuya, kuma ina tausaya masa da gaske. Wanda bai kula da goge baki ba, ranar da aka cire wayar zai tarar da fararen tabo a kewayen inda ƙarafan suka zauna. Bayan an cire kuma akwai abin riƙe haƙora da ake sawa, galibi da dare, in an yi sakaci da shi su fara komawa gidan jiya. Azumi da alwala kuwa, malaman da na tambaya sun ce waya ba ta taɓa ko ɗaya. Babba ma yana iya sawa, in dasashinsa da ƙashinsa lafiya lau suke.

Duk wannan bayanin minti goma ne a bakin likita. Me ya sa mutanenmu suke jin sa daga bakin mai kitso? Saboda ita ce a kusa. Makarantun koyon likitancin haƙori da suka daɗe a ƙasar nan suna Korle Bu a Ankara (tamu ta Gana, ba ta Turkiyya ba) da Kumashi, kuma ƙwararrun jera haƙora a can suka fi taruwa. Asibitin Koyarwa na Tamale yana da sashen haƙori, nan ne ya kamata mutum ya fara zuwa a duba shi a faɗa masa matsayinsa. Amma wanda aka tura Kumashi, sai ya lissafa tafiyar sa'a shida ko bakwai a mota, zuwa kaɗai, kusan kowane wata, har shekara biyu. Katin inshorar lafiya, wanda aka kafa dokarsa a 2003, yana ɗaukar cire haƙori da cike rami, ba ya ɗaukar waya. Saboda haka waya ta zama alamar cewa gidanku akwai kuɗi, kuma duk abin da ya zama alamar kuɗi, kasuwa za ta ƙero na bogi. Ɗiyar yayata ba haƙoranta take son gyarawa ba. So take a ɗauka ubanta zai iya biya.

Doka kuwa tana nan. Dokar 2013 mai lamba 857 ta ɗora wa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana alhakin yi wa masu wannan aiki rajista, kuma yin sa babu rajista laifi ne. Hukumar Abinci da Magunguna ita ke da iko a kan kayan asibiti da ake shigowa da su. Masu sa wayar bogi ba ɓuya suke yi ba, lambar wayarsu tana jikin tallarsu. Ina so in ga ranar da jami'i zai kira lambar nan ya ce yana son a sa wa ɗiyarsa, ya je ya ga shagon da idonsa.

Saura mu. Mu 'yan rediyo a arewacin ƙasar nan mun san irin tallar da muke karantawa. Mai maganin da ke warkar da cuta goma sha biyu ya biya, mu ba shi rabin sa'a. Likitan haƙori ba ya biya, sai mu tuna da shi ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, mu ba shi minti goma tsakanin labarai da gaishe-gaishe. Ni kaina na taɓa karanta tallar wani shagon kwalliya da ke lissafa "gyaran haƙora" cikin ayyukansa, ban tambayi wane ne mai gyaran ba. An biya tasha, an ba ni takarda, na karanta da murya mai daɗi. Yanzu in irin wannan takarda ta zo, ina mayar da ita ofishin talla in ce a kawo lambar rajistar likitan. Sau biyu na yi haka, sau biyun ba a dawo da ita ba, kuma mai kula da talla ya daina amsa gaisuwata da fara'a.

Wata mai zuwa za mu mayar da yarinyar a sake ɗaukar hoton haƙorin. Ya rage girgiza, amma launinsa ya ɗan dushe, kuma likita ya ce wannan ba alama ce mai daɗi ba. Jiya ta nuna mini wayarta. Antin shagon kitso ta sa sabon hoto, robobi masu launin tutar Gana, da ragi ga duk wadda ta zo da ƙawarta.