Sayen Abin Da Ya Fi Ƙarfin Albashi

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin ma'aikata a ƙasar nan, tun daga akawun ofis har malamin makaranta, amma ba a cika maganarta a fili ba, domin kowa yana jin kunyar a ce ya taɓa kamuwa da ita. Cutar kuwa ita ce mutum ya shiga kasuwa ba da niyyar sayen kome ba, idonsa ya faɗa kan wani abu, ransa ya biya, kafin ya farga ya zuba albashin wata biyu ko uku a kansa. Dare ya yi, ya kwanta, barci ya ƙi zuwa. Gari na wayewa kuma, maimakon ya yarda ya yi garaje, sai ya shiga tattara hujjojin da za su nuna wa iyalinsa da abokan aikinsa cewa dabara ce ya yi. Wannan kame-kame shi na ke so mu duba tare, gama a ganina ya fi sayen kansa ɓarna.

Abin ba yau ya soma ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga na ƙasar Zurmi da Shinkafi da Jangeru suka sami hanyar fita, kuɗi kuma suka sami hanyar shigowa. Jirgin da ya kwashe buhunan gyaɗa shi ne ya dawo da kekuna da yadi da fitilu da kwanoni. Da kaka manomi ya kan karɓi kuɗin wahalar shekara guda a yini ɗaya, kanti kuwa yana nan kusa da sikeli. Da yawa sun sayi keke da kaka, sun sayar da shi da bazara a kan rabin kuɗinsa don su sayi dawa. Ma'aikacin En'e shi ma yana da tasa hanyar, watau adibas, a ba shi kuɗin doki ko keke gaba ɗaya, a riƙa yanka a albashinsa wata-wata.

Amma babban darasi a wannan babi shi ne na Udoji, wanda dattawanmu har yanzu su ke ba da labarinsa. A 1972 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar duba aikin Gwamnati a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji. Hukumar ta miƙa rahotonta a 1974, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya. Aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 312 zuwa Naira 720 a shekara. Sa'an nan aka ce ƙarin zai fara aiki tun daga 1 ga Afrilu 1974, saboda haka a farkon 1975 ma'aikata suka karɓi ariyas na wata tara a dunƙule. Mutumin da bai taɓa riƙe kuɗin da ya wuce albashin wata guda ba, ya wayi gari aljihunsa ya yi nauyi.

Me ya biyo baya? Aka yi wa kantuna tsinke. Babura da rediyoyi da firji da agoguna da gadaje suka ƙare, 'yan kasuwa suka ga masu saye sun fi kaya yawa, suka ƙara kuɗi. A shekarar 1975 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100. Ma'aikatan kamfanoni suka yi ta yajin aiki har su ma aka ba su nasu. Manomin Jangeru kuwa, da ba shi cikin takardar albashin kowa, bai sami ko kwabo ba, amma ya sayi gishiri da kananzir a sabon farashi. Kafin shekara ta zagayo, ƙarin ya narke. Da kuɗin mai ya faɗi, Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, malaman firamare a jihohi da yawa suka yi watanni ba albashi. Wanda ya sa ariyas ɗinsa cikin fili ko shanu ko kwanon rufi ya sami abin dogara. Wanda ya sa shi cikin kayan ƙawa ya kai su gwanjo.

To, me ya sa mai hankali, wanda ya iya lissafi har yana koya wa yara, ya kan ƙi yarda ya yi kuskure? Masana halayyar ɗan Adam sun yi bincike a kan wannan. A 1956 wani masani a Amurka, Jack Brehm, ya jera wa waɗansu ɗalibai mata kaya iri takwas, irin su rediyo da fitilar tebur da tukunyar dafa gahawa, ya ce kowace ta faɗi yadda kowane abu ya kwanta mata a rai. Sa'an nan ya ba ta biyu ta zaɓi ɗaya ta tafi da shi. Da aka sake tambayarsu bayan zaɓin, sai aka ga abin da suka ɗauka ya ƙara daraja a idonsu, wanda suka bari kuwa ya ragu, alhali kayan ba su sake ba ko kaɗan. A 1957 malaminsa, Leon Festinger, ya fitar da littafin da ya bayyana dalili. Zuciya ba ta jure riƙe magana biyu masu karo da juna, watau "ni mai hankali ne" da "na yi wauta". Tun da ba ta iya mai da kuɗin, sai ta gyara labarin. Saboda haka mai kame-kame sau da yawa ba ƙarya ya ke yi wa mutane da gangan ba. Kansa ya fara ruɗa, sa'an nan ya ruɗi saura.

Hujjojin da a ke kawowa ba su da yawa, kusan uku ne, kuma kowace tana da ɗan kamshin gaskiya, shi ya sa ta ke shiga rai.

Ta farko ita ce, "Araha ba ta ado, gara in sayi mai kyau sau ɗaya." I, gaskiya ne takalmi mai ƙwari ya fi mai araha da za a saya sau uku a shekara. Amma wannan magana tana aiki ne in dama kana bukatar takalmin, kuma kana da kuɗinsa. Ingancin abu dabam, iyawar aljihu dabam. Shaddar Getzner ba ta daina kyau don malami ya ci bashi ya saye ta ba, amma kyanta ba ya biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa.

Ta biyu ita ce, "In ban saya yau ba, gobe zai ƙara tsada." Wannan ta fi ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kaya suka yi ta hawa, har a watan Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ya ajiye takardar kuɗi ƙarƙashin matashi a irin wannan lokaci, lalle ya yi hasara. Amma sai mu tambaya, wane irin abu ne za a saya? Buhun gero da kaka, ko tunkiya, ko siminti ga mai gini, waɗannan suna riƙe darajarsu ko su ƙara. Wayar hannu kuwa, ranar da ka ɓare kwalinta ranar ta fara faɗuwa. Je ka mai da ita wurin mai shago bayan mako guda ka ji abin da zai taya. Sabuwa a shago tana ƙara tsada, amma taka da ke aljihu tana raguwa.

Ta uku ita ce mutunci. A kan ce malami ko akawu ba zai tsaya gaban jama'a da tsumma ba. Haka ne, tsabta da kyakkyawar shiga suna cikin aikinmu, yara kuma suna kallo. Amma wane mutunci ya rage ga wanda ya ke sake hanya don kada ya bi ta ƙofar mai shago, ko ya ke kashe tsadaddiyar wayar tasa don mai bin bashi yana kira? Garuruwanmu ƙanana ne. A Zurmi ko Shinkafi kowa ya san matakin albashin kowa, babbar riga ba ta ɓoye kome.

Bari mu yi lissafi irin na aji huɗu. A ce albashin malami Naira 100,000 ne a wata, watau ya ɗara mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da dokar Tarayya ta 2024 ta yanka. A ce ya ga waya ta Naira 300,000. Wannan albashin wata uku ke nan cur, ba ci ba sha. In bayan abinci da haya da magani abin da ya ke iya ragewa Naira 10,000 ne a wata, to kuɗin wayar tanadin wata 30 ne, shekara biyu da rabi. In kuwa ya karɓa bashi a kan zai riƙa biyan Naira 30,000 har wata 12, ya biya Naira 360,000 ke nan, gidansa kuma zai shekara a kan Naira 70,000 a wata. Wa zai ɗauki nauyin ragin nan? Uwargida ce da za a rage wa kuɗin cefane, da yaron da za a ce ya haƙura da littafi sai wani watan. Ba su je kasuwar ba, ba a shawarce su ba, amma su ne masu biya.

Mu mutanen wannan yanki muna da ƙarin dalilin yin hattara. A watan Satumba 2021, saboda rashin tsaro, aka rufe kasuwannin mako-mako a Jihar Zamfara, har da babbar kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, aka kuma katse layukan waya makonni da dama. Wanda ya zuba dukiyarsa cikin waya ya zauna yana kallon gilashi, ba kira ba aike. Wanda ya ke da hatsi a rumbu da ɗan abin da ya ɓoye ya ci abinci da iyalinsa. Inda tashin dare ko ciwo ko gudun hijira ke iya zuwa ba sallama, ajiya ba rowa ba ce.

Ga abin da na ke ba da shawara. Kafin saye, duk abin da kuɗinsa ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na albashinka, kada ka saye shi ranar da ka fara ganinsa. Kwana uku a kansa. Dillali zai ce wani ya riga ya taya, saura guda ɗaya. Wannan sana'arsa ce, la'adarsa ya ke nema, ka ce masa Allah ya ba mai rabo. Kuma kada ka shiga kasuwa ranar da albashi ko ariyas ya shigo. Fara fid da na hatsi da na makaranta da na adashi, abin da ya saura shi ne naka. Sa'an nan ka gaya wa mai ɗakinka kafin ka saya. In ka ji kana so ka ɓoye mata farashin, to zuciyarka ta riga ta yanke hukunci.

Bayan saye kuwa, in aikin gama ya gama, kada ka kori nadama da wuri. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, amma nadamar da ta zo da sassafe tana da amfani, domin a lokacin kayan suna nan sababbi. Malaman fiƙihu suna da babin da su ke kira iƙala, watau mai sayarwa ya yarda ya karɓi kayansa ya mai da kuɗi ga mai saye da ya yi nadama, kuma abin yabo ne ga ɗan kasuwar da ya yi haka. Akwai kuma cinikin zaɓi, inda a ke sharaɗin 'yan kwanaki tun wurin ciniki, in abin bai yi ba a mayar. Ba abin kunya ba ne ka koma ka roƙi iƙala. In mai kaya ya ƙi, sayar da abin tun yana da daraja, ka ɗauki ƙaramar faɗuwa ka biya bashin. Wanda ya tsaya kare kansa ya kan riƙe abin har ya tsufa, ya biya bashin duka, kuma tun da ya shawo kan zuciyarsa cewa daidai ya yi, baɗi sai ya sake. Nan ne ɓarnar kame-kame ta fi ta saye. Sayen garaje hasara ɗaya ce, hujjar da aka gina masa kuwa ita ke haifar da ta biyu da ta uku.

Mu ma abokan zama muna da laifi. In ɗan'uwa ya shigo ofis da sabon abu, sai mu taru muna sa albarka, muna cewa ya dace da shi, alhali mun san albashinsa, bayan ya fita kuma mu yi da shi. Wanda ya mai da kaya don sun fi ƙarfinsa shi ya cancanci yabo, ba dariya ba.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana malamai, musamman masu koyarwa a kwalejojin horon malamai. Muna koya wa yara riba da faɗuwa da kashi cikin ɗari a kan allo, amma da wuya mu ba su lissafin gida. A ba ɗalibi albashin wata, a ba shi farashin gero da sabulu da kuɗin mota na garinsu, a ce ya raba ya ga abin da zai saura. A sa shi ya auna kuɗin babur da kwanakin aiki. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi sau goma a aji, ranar da ya karɓi albashinsa na fari ba zai tsaya gaban shago kamar baƙo ba. Yara kuma sun fi koyi da abin da malam ya ke yi bisa abin da ya ke faɗi.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka cikin ɗan abin da mu ke samu, ya kuma kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.