CINIKIN BIRI A SAMA: TSAKANIN 'YAN TALLA DA MASU SHARHIN WASANNIN BIDIYO

Na san da wuya a rasa wanda zai ga kan maganar nan ya ce to me ya haɗa kifi da kaska, marubucin littattafan soyayya ina shi ina gem? Amsata ita ce, duk wanda ya taɓa buga abu ya kai kasuwa, ya jira a saya ko a ƙi, a yaba ko a kushe, to maganar talla da sharhi tasa ce. Kuma wasannin nan ba a wata duniya ake yin su ba, ga gidajen gem nan a unguwanninmu cike da ƙannenmu da 'ya'yanmu, kuɗinmu ne ke tafiya can.

Abin da nake son in faɗa a yau ba shi da daɗin ji. Manyan kamfanonin wasannin bidiyo sun gano cewa sayar da alƙawari ya fi sayar da kaya riba, kuma mutanen da ya kamata su tsaya tsakaninsu da mai saye, wato masu sharhi, an ɗaure musu hannu da igiyar da ba a gani. Ba zargi nake yi a duhu ba, ga misalai nan da sunaye da shekaru.

Mu fara da wanda ya fi kowanne tambari, wato Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan. Tun shekarar 2012 aka sanar za a yi shi. Shekara takwas ana ɗana wa mutane zuma a baki, yau a saki guntun hoto, gobe a yi hira da ma'aikata. A 2019 aka ɗauko fitaccen ɗan fim ɗin nan Keanu Reeves ya hau dandamali a babban bikin baje kolin wasanni na E3 a Amurka, ya sanar da ranar fitowa, wuri ya kaure da sowa. Daga nan aka ɗage ranar har sau uku, kafin wasan ya fito ranar 10 ga Disamba, 2020.

To ga inda gizo ke saƙar. Kafin wannan rana, mutum miliyan 8 sun riga sun biya kuɗinsu. Kamfanin da bakinsa ya shaida wa masu hannun jari cewa wannan kuɗi na kafin alƙalami ya mayar masa da abin da ya kashe wajen ƙera wasan da tallata shi. A tsaya a yi tunani a nan. An mayar da uwar kuɗi tun kafin mai saye ɗaya ya taɓa kayan da hannunsa. Wane ɗan kasuwa ne zai samu irin wannan garaɓasa, sannan ya damu da ingancin abin da ke cikin buhu?

Masu sharhi fa? An ba su wasan kwanaki kaɗan kafin ya fito, amma wanda ake yi a kwamfuta kaɗai aka ba su. Na na'urorin PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda su ne a ɗakunan miliyoyin masu ƙaramin ƙarfi, an ɓoye shi. Aka kuma gindaya musu sharaɗin cewa a bidiyon sharhinsu na farko ba za su nuna hoton da suka ɗauka da kansu ba, sai wanda kamfani ya tace ya ba su. Suka amince. Sharhi ya fito da maki wajen 90 cikin 100, jama'a suka ƙara tururuwa. Da masu PlayStation 4 suka kunna nasu sai ga abin takaici: hoto na sarƙewa, mutane na ratsa bango, wasa na mutuwa ana tsakiyar yi. Da aka zo aka auna wannan nau'in daga baya, maki 57 ya samu. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya fito yana ba da haƙuri a kan rashin nuna wasan a waɗannan na'urori, sannan Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet, bai mayar da shi ba sai a watan Yuni na 2021. Amma duk da wannan abin kunya, cikin kwana goma na farko an sayar da kwafi sama da miliyan 13. Wato dai ihu bayan hari.

Masu kare 'yan jaridar wasanni suna cewa ai ba laifinsu ba ne, abin da aka ba su shi suka auna, kuma wasan a kwamfuta mai ƙarfi ba shi da laifi sosai. Na ji, kuma akwai gaskiya a ciki, har ma wasu daga cikinsu sun faɗa a cikin rubutunsu cewa ba a ba su na sauran na'urori ba. Amma ina tambaya, idan dillali ya kai ka gidan da za ka saya, ya nuna maka zaure da falo, ya ce ɗakunan ciki kuma sai bayan ka biya, ashe ba wannan ƙin nunawar ne babban labari ba? Shi ya kamata ya zama kan magana da manyan baƙaƙe, a kuma riƙe makin sai an ga sauran ɗakuna. Mai saye lambar nan yake kallo, ba ya bin sahun gargaɗin da aka cusa a sakin layi na goma sha biyu.

Me ya sa suke amincewa da irin waɗannan sharuɗɗa? Domin cin abincinsu a hannun kamfanonin yake. Wanda ya fara fitar da sharhi shi ke kwashe masu karatu, kuma ba ka fara fitarwa sai an ba ka wasan da wuri, ba a kuma ba ka da wuri sai kana shiri da masu shi. Ga kuma talla, wadda akasari daga aljihun waɗannan kamfanoni take fitowa. Hausawa sun ce idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ba sai an miƙa wa kowa ambulan a ɓoye ba, tsarin da kansa ya isa ya sa alƙalami ya yi sanyi.

Wanda ke shakka ya nemi labarin Jeff Gerstmann. Babban edita ne a shafin GameSpot, ya shafe shekaru sama da goma a can. A watan Nuwamba na 2007 ya ba wasan Kane & Lynch: Dead Men maki 6 cikin 10, a daidai lokacin da kamfanin Eidos ya lulluɓe shafin da tallar wannan wasa. Kafin watan ya ƙare an sallame shi daga aiki. A lokacin shugabannin shafin sun musanta cewa sharhin ne sanadi. Sai a 2012 ya samu damar buɗe baki, ya bayyana cewa sabbin shugabannin wurin sun firgita ne da barazanar janye talla da kamfanoni ke yi idan maki bai yi musu daɗi ba. Mutum ɗaya aka kora, amma duk wani mai sharhi da ke da iyali ya fahimci karatun.

Ba shi ke nan ba. A 2014 kamfanin Ubisoft na Faransa ya hana a fitar da sharhin Assassin's Creed Unity sai bayan awa 12 da fara sayar da shi, kuma wasan ya fito da kurakurai har da mutanen da fuskarsu ta ɓace, sai idanu da haƙora a sarari. Wane mai gaskiya ne zai ce kada a ɗanɗana miyarsa sai an gama biya? A 2015 kuma shafin Kotaku ya bayyana cewa Ubisoft da Bethesda sun daina ba shi wasanni da amsa tambayoyinsa, saboda ya fallasa wasu ayyukansu tun ba su shirya ba. Wannan ita ce bulalar. Alawar kuwa ita ce gayyata zuwa biki, da tikitin jirgi, da masauki, da hira ta musamman.

Da mutane suka fara gajiya da manyan shafuka, sai suka koma wajen samarin YouTube, wai su namu ne, ba su da ubangida. Kamfanoni suka bi su can. A 2016 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta tuhumi kamfanin Warner Bros. da biyan fitattun masu bidiyo kuɗi domin su yabi wasan Middle-earth: Shadow of Mordor na 2014, da sharaɗin kada su nuna kurakuransa, kada su faɗi aibunsa. Bayanin cewa an biya su kuwa, akasari can ƙasan bidiyo aka tura shi inda sai mai bin ƙwaƙƙwafi zai gani. An kalli waɗannan bidiyoyi sama da sau miliyan 5. Abin mamakin shi ne wasan mai kyau ne, ba ya buƙatar wannan maguɗi. Wannan ya nuna abin ya zama ɗabi'a, ko da kaya na da kyau sai an sayi bakin mai shaida.

Akwai kuma wata musiba mai suna Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi ya fitar da lamba ɗaya. Lambar nan ta zama alƙali har a kan albashin ma'aikata. Kamfanin Obsidian da ya ƙera Fallout: New Vegas a 2010 an yi masa alƙawarin ƙarin kuɗi idan wasan ya kai maki 85. Ya samu 84. Ɗaya daga cikin manyan kamfanin, Chris Avellone, shi ya bayyana haka a 2012. To ka sa kanka a matsayin mai sharhin da ya san makinsa na iya hana wasu bayin Allah ladan wahalarsu. Ko tsoro bai kama shi ba, tausayi zai kama shi. Shi ya sa ma'aunin ya lalace, maki 7 cikin 10 da ya kamata ya zama yabo ya koma zagi.

A nan ne zan juyo kanmu masu saye, domin ba za mu wanke hannu mu ce an cuce mu kawai ba. Wata ma'aikaciyar GameSpot da ta ba Cyberpunk 2077 maki 7 tun kafin ya fito, ta kuma lissafa matsalolinsa, ba kamfanin ne ya far mata ba. Masoya wasan ne, waɗanda ko taɓa shi ba su yi ba, suka yi mata rubdugu da zagi da cin mutunci a intanet. Bayan kwana uku suka kunna nasu suka tarar da abin da ta faɗa. Mutumin da ya biya dala 60 tun watanni shida baya, ba gaskiya yake nema a wajen mai sharhi ba, so yake a ce masa ya iya saye. Talla ta mayar da shi ɗan kanzagin kamfani ba tare da an biya shi ko sisi ba.

Wasu kuma za su ce ai an gyara daga baya. Haka ne, Cyberpunk 2077 ya gyaru, har ya haura kwafi miliyan 30 a 2024. No Man's Sky na 2016, wanda ya fito babu da yawa daga abubuwan da shugaban kamfaninsa Sean Murray ya ambata a hirarraki, shi ma an shafe shekaru ana cika shi kyauta har masu zagi suka koma yabo. Na yaba wa ma'aikatan da suka yi wannan aiki. Amma wane darasi sauran kamfanoni suka ɗauka? Sun koyi cewa kana iya karɓar kuɗi da alƙawari, ka miƙa ɗanyen tuwo, ka ba da haƙuri, bayan shekara biyu kuma a yi maka tafi. Tela da ya karɓi kuɗin ɗinkin Sallah ya kawo riga babu hannu, ya ce a dawo Babbar Sallah, ba ya zama gwani don ya cika daga baya.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Yaran da ke cika gidajen gem suna buga ƙwallon PES sun ga irinta a 2021, lokacin da kamfanin Konami na Japan ya sauya masa suna zuwa eFootball 2022, aka cika duniya da cewa sabon zamani ya zo. Da ya fito, fuskar Messi kanta ta zama abin dariya, wasan ya faɗa sahun waɗanda aka fi kushewa a tarihin kantin Steam, kamfanin ya fito yana neman afuwa. A wannan karon 'yan wasa ne da kansu suka tona asirin da hotunan da suka riƙa yaɗawa.

Mu ma marubuta mu duba gidanmu. Sau nawa ake cika bayan littafi da kirari, a ce ba a taɓa yin irinsa ba, alhali na biyu da na uku ko rubuta su ba a yi ba? Sau nawa aboki ke yi wa littafin abokinsa sharhi, ya kira shi gagarabadau, domin gobe a rama masa? Wanda kuwa ya kuskura ya ce labarin nan ya yi tsawo ko jigon ya yi rauni, sai a ce hassada ce, a daina gayyatarsa ƙaddamarwa. Ciwon ɗaya ne, kuɗin ne kawai suka bambanta.

Don haka shawarata a taƙaice take. Mai saye ya daina cinikin biri a sama, ya bari kaya su sauko ƙasa, ya ji daga bakin wanda ya sa kuɗinsa ya saya, a irin na'urar da shi ma yake da ita. Wasan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa a kanti, babu dalilin rige-rige. Mai sharhi kuma ya faɗa tun a layin farko wa ya ba shi kayan, da wane sharaɗi, me aka hana shi gani. Idan ba zai iya ba, to ya ajiye sunan mai sharhi ya ɗauki na maroƙi, domin roƙo ma sana'a ce, kuma maroƙi bai taɓa ɓoye wa kowa wanda yake yi wa kirari ba.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, fili a buɗe yake, amma ya zo da hujja. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan abin da muke so ne. Wassalam.