Ciwon Zuciya Ma Yana da Likita

'Yan'uwa manoma, in saniya ta daina kiwo mukan kira malamin dabbobi. In wuta-wuta ta kama dawa mukan nemi malamin gona. Amma in ɗayanmu ya daina barci, ya daina cin abinci, ya bar zuwa gona da taro, sai mu ce masa, "Yi haƙuri kawai." A ganinmu wannan ba daidai ba ne.

Wasu suna cewa mahaukaci ne kaɗai ke zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ba haka ba ne. Da yawa daga cikin masu zuwa mutane ne irinmu: wanda ambaliya ta cinye masa gona ga bashin taki a wuya, da matar da baƙin ciki ya rufe ta bayan haihuwa, da wanda aka kore shi daga ƙauyensu da dare har yanzu yana firgita, da saurayin da ƙwaya ta kama.

Wasu kuma suna cewa rashin bangaskiya ne. Mu tuna da annabi Iliya. Ya gaji har ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace, amma ba a tsauta masa ba, sai aka ba shi abinci da ruwa, ya yi barci. Muna addu'a, muna kuma kai mai zazzaɓi asibiti. To, me ya bambanta wannan ciwo?

Akwai masu cewa magana kawai ce, ba ta magani. A ƙasar Zimbabuwe, tun 2006, an koya wa tsofaffin mata zama a kan benci kusa da asibiti suna sauraron masu damuwa. Sukan taimaki mutum ya jera matsalolinsa, ya zaɓi ɗaya, ya tsara abin da zai yi a kanta kafin su sake haɗuwa. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Aikin mai ba da shawara ke nan: ya saurara, ya riƙe asiri, ya koya wa mutum yadda zai kwance tunanin da ya ɗaure shi. In ciwon ya yi nauyi, likita ya haɗa da magani.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara aiki a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. A 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar doka mai kare mutuncin masu wannan ciwo, a madadin tsohuwar ta 1958.

Abin ya shafe mu ƙwarai, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari suke sha. Wannan magani yana cikin ɗakunanmu.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta yi abu uku. Na fari, a kulle maganin feshi, mabuɗi a hannun wani amintacce. Na biyu, in ɗan ƙungiya ya ɓace daga taro, ko ya ce ya gaji da duniya, a je gidansa ranar nan, a tambaye shi a fili, kada a bar shi shi kaɗai. Na uku, a ware kuɗin mota daga asusu domin a raka shi asibiti mafi kusa. Kada a ɗaure kowa da mari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.