Wayar hannu da farantin talla a Wurno

Duk mai ƙaramar sana'a a Wurno, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ya san iyakar kasuwarsa: mutanen gari, ƙauyukan kewaye, sai ranar da ya yi lodi zuwa kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara a ƙasar Gwaram. Shin WhatsApp da Facebook da TikTok za su kai shi gaba da nan? Za su kai shi, amma ba kowa ba. Mai shayi da mai faci ba abin da za su ƙaru da shi, domin babu wanda zai taso daga Dutse don kofin shayi. Riba tana ga mai kayan da ke jure tafiya, irin su man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, turaren wuta da hular hannu. Yawancin waɗannan kuwa a hannun mata suke, a cikin gida.

Tun da can, matar aure mai sana'a hanya biyu gare ta: ta ɗora wa 'yarta faranti, ko ta ba dillaliya. Yarinya ba ta wuce inda ƙafarta za ta kai ta kafin magariba, kuma kowa ya san abin da talla ke ci na karatunta. Dillaliya kuwa iyakarta gidajen da take shiga. Hoto guda a sitatus yana isa ga ƙanwar da aka kai aure Kano, da ɗan garin da ke aiki a Abuja, da ma'aikaciyar asibitin tarayya na Birnin Kudu. Abin lura shi ne, sabon mai saye ba daga sama yake faɗowa ba. Ƙanwar ce take tura hoton a gurup ɗin matan unguwarsu, ta ce, "Na yayata ne, na san hannunta." Wato dai tsohon tsarin nan ne na wani ya tsaya wa wani, sai dai yanzu shaidar tana tafiya nesa. Shi ya sa nake ganin kuɗin da ƙaramin ɗan kasuwa zai biya Facebook don talla ga baƙin ido asara ce, matuƙar bai fara cika alkawari ga 'yan uwan da ke cikin wayarsa ba.

Za a ce da yawa ba su iya rubutu ba. Saƙon murya ya kashe wannan magana: a yi ciniki da baki, a yi tayi, a ce albarka, kamar a rumfa. Za a ce biyan kuɗi fa? Wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ta koya wa har tsofaffi tiransifa, ga masu POS da OPay da Moniepoint sun shiga garuruwa. Batun tsada kam gaskiya ne. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari, ga kuɗin caji a shago duk ranar da ba wuta. Amma a auna wannan da kuɗin mota tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Wanda ya san an riga an saya kafin ya yi lodi ya fi wanda zai kai kaya kasuwa ya dawo da su.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na zamba, kuma ba na raina shi. Akwai mai turo alat na bogi ya karɓe kaya, akwai mai nuna hoto daban ya aiko kaya daban. A kasuwa, in an yi rikici akwai sarkin kasuwa da shugabannin rumfa; a waya, mutum ya toshe lambarka shi ke nan. Sannan ita kanta kafar sadarwar ba tamu ba ce. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Mai hankali zai rubuta lambobin masu sayensa a littafi, kuma ba zai saki kaya ba sai ya ga kuɗi a asusunsa da idonsa.

Sauran gyaran yana tasha, domin hoto ba ya kai jarkar man gyaɗa Kano, direba ne yake kaiwa, yawanci bisa sanayya, ba takarda ba shaida. Idan ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram suna son taimaka wa masu sana'a, zama da ƙungiyar direbobi ta NURTW ya fi taron bita amfani. A tsayar da farashin aika saƙo zuwa Dutse da Kano da Bauchi, a riƙa ba da rasit mai lambar mota da ta direba, a kuma fayyace wanda zai biya idan jarka ta fashe a hanya.