Gyara ba ta fin awo

Kowa ya san gyara. Ka sayi hatsi tiya biyu, mai awo ya ƙara maka cikin hannu guda don ka komo gobe. Wannan al'ada ta shiga sana'ar rubutu a ƙasashen Turawa, kuma ya kamata mu dube ta da kyau tun ba ta zauna wajenmu ba.

Ga yadda abin yake. Marubuci yana neman masu karatu su riƙa biyansa wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata ta hanyar intanet, shi kuwa yana aika musu abin da ya rubuta, babi bayan babi. Kamfanin Patreon, wanda aka kafa a Amurka a 2013, yana cikin dillalan wannan ciniki: yana karɓar kuɗin, ya cire la'adarsa, ya miƙa saura. A 2019 ya fito da tsarin gyara. Wanda ya biya wata 3 a jere sai a aika masa riga, ko kofin shayi, ko hoto mai alamar marubucin.

Masu yabon wannan tsari suna kawo misalin Brandon Sanderson, marubucin ƙagaggun labarai na Amurka. A watan Maris na 2022 ya nemi masu karatunsa su biya tun kafin bugu, ta dandalin Kickstarter. Mutum fiye da 185.000 suka amsa, aka tara dala miliyan 41 da ɗoriya. Dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Kuɗin ya kai wajen sefa miliyar 25. Alkawarinsa shi ne littafi 4 cikin shekarar 2023, sannan wanda ya biya da yawa ya samu akwatin kyaututtuka a sauran watanni 8. Amma abin da ba a cika faɗa ba, wannan mutum yana da kamfaninsa, Dragonsteel, da ma'aikata masu yawa, da gidan ajiyar kaya. Duk da haka littafin farko ya isa wayoyin mutane a kan lokaci, bugaggen kuwa ya makara.

Ra'ayinmu shi ne, ƙaramin marubuci da ya kwaikwayi wannan ya ɗora wa kansa kayan da ba nasa ba. Babin da aka aika ta waya, ko mutum 10 suka karɓa ko 1.000, wahalar ɗaya ce. Riga ba haka take ba. Kowace sai an saye ta, an buga mata zane, an tambayi mai ita girman jikinsa. Kofi yana fashewa a hanya. Gidan waya yana da kuɗinsa, wanda sau da yawa ya kan fi na kofin in za a tsallake iyaka, duwan kuma tana jiran nata. In kaya sun ɓata, marubuci ne zai sake aikawa daga aljihunsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar da ya ɓata yana ɗaure kwali da rubuta adireshi, ita ce ranar da babi bai fito ba, alhali babin ne aka biya. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma wanda rigar ce ta kawo shi. Da ta shiga hannunsa a wata na 3, sai ya janye.

Ba mu ce mai karatu ya yi laifi ba don yana son abin da zai riƙe a hannu ya nuna wa baƙo. Mutanen da sun san maganin wannan. Alexander Pope na Ingila ya fitar da fassararsa ta waƙar Iliad cikin juzu'i 6 tsakanin 1715 da 1720, da kuɗin waɗanda suka yi alkawarin saye tun kafin bugu. Tukwicinsu shi ne littafin kansa, da sunayensu a shafukan farko. Wannan gyara daga cikin buhun da ake awo ta fito, ba a je wata kasuwa an sayo ta ba.

Maganar ta shafe mu, domin marubutan Hausa da yawa, galibinsu mata, suna sayar da labaransu babi-babi ta WhatsApp, ana biyansu ta waya. Wadda ta ga masu biya sun ƙaru har tana tunanin raba atamfa ko turare, ta fara ɗaukar alƙalami ta yi lissafi: kuɗin kayan, kuɗin motar da za ta kai su Tawa ko Damagaram, da kwanakin da za su ci mata. In lissafin ya bar wani abu, ta kai labarin maɗaba'a idan ya ƙare, ta sa sunayen waɗanda suka tallafa mata a gaba, ta sa hannu a kowane kwafi. Ta kuma faɗi watan da zai fito bayan mai bugu ya ba ta rana, ba kafin nan ba.