A Yi wa Zoɓo Daɓe da Rumfa a Kasuwar Babban Mutum

Jama'a, kadan aka ce kasuwar furanni, sai hankalin mai karatu ya tafi Alsmiya ta ƙasar Holan, inda ake gwanjon fure ana kai shi ko'ina cikin duniya. Amma fa mu ma muna da furen da ake saye buhu-buhu, watau zoɓo, wanda ake ɓarewa daga jikin yakuwa bayan fure ya kaɗe. A wajenmu, ƙasar Ɓaure, kan iyakar gona ake shuka shi, mata da yara ke ɓararsa da kaka. Dillalai su tara, a kai Kano, daga can a kai shi bakin teku, ya hau jirgin ruwa har Meziko.

To, wanda ya zaga irin kasuwanninmu na ƙauye ya san yadda ake yi da shi. A zube shi bisa tabarma ko tsohon buhu, iska ta kwaso rairayi ta zuba masa, awaki su bi ta kai. Wanda bai bushe sarai ba a ɗure shi hakanan, ya yi fumfuna, jansa ya koma baƙi. Sa'ad da mai saye ya damƙa ya ji ƙasa, sai ya karya kuɗin, hasara ta komo kan matar da ta kwana uku tana ɓara, ƙaiƙayi na cin hannunta. Ba nan abin ya tsaya ba. Cikin 2018 Meziko ta hana shigar zoɓon Nijeriya saboda ƙwaron da aka gani cikin kaya, sai da aka yi shekaru kana ta buɗe ƙofa.

Saboda haka ina ganin kadan za a gyara kasuwar Babban Mutum, kada a fara da jerin kantuna masu fenti, ko da ya ke su ne ke burge baƙo. A fara da daɓen siminti mai tudu, a kewaye shi, domin shanya. A bi da rumfar kwano, da sito mai iska wanda za a jera buhuna bisa katako nesa da hatsi, gama daga hatsi ƙwaro kan taso. Sa'an nan a sa sikeli guda a hannun Sarkin Kasuwa, kowa ya ga awo da idonsa. Wurin kuwa ya kasance bakin hanya, gabas da turken dabbobi, domin iskar hunturu daga gabas take busowa, da nisan da ƙurar kofato ba za ta kai ba.