SHARHI: Samfuri Ɗaya Ya Ishi Shafi Dubu

Dukawan Naraguta da ke Jos, waɗanda suka yi suna wajen aikin fata, ba sa sabon awo duk lokacin da za su ɗinka jaka. Samfuri ɗaya suke ɗorawa bisa fata su yanka. Irin wannan dabara ce ya kamata 'yan kasuwa su nema daga masu gina musu shafukan intanet.

Ana tsara shafi guda ne, a bar guraben sunan haja, farashi da hoto. Da zarar mai saye ya nemi shafin, kwamfutar da ke ɗauke da shi za ta cike guraben daga rumbun bayanai kafin ta aika masa. Harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, da wannan aiki ya shahara, kuma da shi aka gina WordPress a 2003.

Amfanin ya fito fili a 2023, lokacin da darajar naira ta faɗi, farashi ya riƙa sauyawa babu ƙaƙƙautawa. Wanda aka rubuta wa kowane shafi daban, sai ya biya ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa ya sayar da asara. Mai samfuri kuwa, yaron shago ma ya isa ya gyara lamba.

Sai dai kuskure ɗaya a samfuri yakan bayyana a kowane shafi. Haka kuma wajibi ne yarjejeniya ta ambata cewa samfurin da kalmar sirri mallakar mai kasuwa ne, domin maginin shafi yana iya ƙaura.